An Binne Mai Goge, Ina Gogen?

A wani ƙauye da ke tsakanin Waca da Dungas, inda na taɓa koyarwa, na halarci jana'izar wani tsoho wanda ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana goge. Ya cika da asuba, kafin hantsi an yi masa wanka an sa shi a likkafani. Liman bai yi wata-wata ba, ya shiga gaba, muka yi sahu uku a bayansa, muka kai shi makwancinsa kamar yadda ake kai kowane Musulmi. Babu wanda ya ɗaga murya ya ce a dakata a bincika irin wuraren da wannan bawan Allah ya kwana yana kiɗa, alhali kuwa duk wanda ke cikin sahun nan ya san su: gidajen biki, da fagen ƴan bori, da wasu gidaje na bayan kasuwa waɗanda dattijo ba ya son a gan shi a ƙofarsu. Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado. Aka lissafa gona, da awaki huɗu, da tsohon keke, da akwatin rediyo. Gogen yana rataye a jikin bango, daidai saman kan masu lissafi, amma bai shiga lissafi ba. Da na tambayi babban ɗan mamacin, wani mai kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai ya ce da ni cikin ladabi, "Malam, wannan ai ba abin gado ba ne." Damina ɗaya ta wuce, ɗakin ya yi yoyo, gara ta cinye ƙwaryar.

Tun daga ranar nan wata tambaya take damuna, kuma ita nake son in ajiye a gaban malamai ƴan'uwana da shugabannin ƙungiyoyin al'adu. Mene ne haƙƙin mai fasaha a kan al'ummar da ta ci moriyar fasaharsa? Shin idan an yi masa sutura an yi masa salla an sauke nauyin ke nan, ko kuwa akwai sauran bashi game da abin da hannunsa ya sani? Tambayar ta shafi maƙeri da masaƙi da magini, amma a kan mai goge ta fi tsanani, domin a cikin kayan kiɗan Hausa kaf babu wanda kunne ya so, baki kuma ya zaga, kamar goge.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, goge abu ne mai sauƙin ƙira: rabin ƙwarya a rufe da fatar guza, sanda ta ratsa ta, tsirkiya ɗaya tilo ta izgar doki ta bi ta kan wani ɗan itace da ake kira jaki, sai kuma ɗan baka, shi ma na izga, wanda ake shafa wa ƙaro domin ya kama. Kukuma ƙanwarsa ce, ta fi shi ƙanƙanta da zaƙin murya. To, sauƙin a ƙira ya tsaya. Babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa mai koyo inda zai ɗora yatsa. Kunne ne ke aunawa, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata amo. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, gwanin goge yana iya sa tsirkiyar nan ta faɗi sunan mutum da na ubansa da kirarin garinsu ba tare da ya buɗe baki ba, mai sunan kuma ya ji ya gane, ya miƙe ya sa hannu a aljihu. A fagen bori kowane iska da takensa, na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, na Kuturu dabam, kuma makaɗin da ya rikita su ya ji kunya a gaban jama'a. Ilimi ne da yaro ke ɗauka a shekaru masu yawa, yana kaɗa ƙwarya a bayan maigidansa kafin a yarda ya taɓa izga. Duk da haka kirarin da Bahaushe ya zaɓa wa wannan kaya shi ne "goge kan bidi'a".

Wani zai ce wannan ƙyama daga jihadin Sakkwato ta samo asali, tun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu a kan kiɗe-kiɗe da taron maza da mata. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Waca da Dungas da Mirya ƙasashen Sosebaki ne, Barno suke kallo tun da can, kuma da suka shiga hannun wani a ƙarni na 19, hannun Damagaram suka shiga, ita kuwa Damagaram ba ta taɓa karɓar tutar Sakkwato ba. Amma mai goge a nan bai fi ɗan'uwansa na Kano ko Zariya daraja ba. Ashe dai abin ya girmi iyakar daula, ya kuma girmi iyakar da Turawa suka shata tsakanin Magarya da Daura.

Hasali ma ya wuce ƙasar Hausa. Turawa suna da nasu gogen mai tsirkiya huɗu, wanda Faransawa ke kira biyolon, kuma mutumin da suka fi ambata idan ana zancen gwanintarsa shi ne Nikolo Paganini, wanda aka haifa a Jenowa ta ƙasar Italiya a 1782. Da ya fita yawon kiɗa, Biyana a 1828, Paris da Landan a 1831, mutane sun ga abin da ba su taɓa zaton yatsun ɗan Adam za su iya ba, sai suka nemi bayani a wajen da mu ma mukan nema. Aka ce ya sayar da ransa ga Shaiɗan. Aka ce ya kashe wata mace, ya yi zaman kurkuku, a can ne tsirkiyoyinsa suka tsintsinke saura ɗaya, ya koyi kiɗa da ita. Ƙarya ce, amma ta samu gindin zama saboda da gaske yakan kaɗa dogon kiɗa a kan tsirkiya ɗaya tak, jama'a su riƙe baki. (Abin da ya girgiza Biyana ke nan, abin da kowane mai goge a kasuwar ƙauye yake yi tun yana saurayi.) Ba waliyyi ba ne: ya yi caca, ya yi neman mata, an san shi da son kuɗi. Shi ne kuma ya yi wasa domin taimakon masu cutar kwalara a Paris a 1832, ya kuma ba wa matashin mai tsara kiɗa Berlioz kyautar faran 20,000 a 1838.

Ya mutu a birnin Nis ranar 27 ga Mayu, 1840, ba tare da ya karɓi addu'ar ƙarshe da limaman Katolika kan yi wa mai jinya ba. Babban limamin birnin ya hana a binne shi a maƙabartar coci. Gawar ta yi ta yawo, daga ɗakin ƙasa zuwa gidan killace marasa lafiya a bakin teku, daga nan zuwa gonar iyalinsa, ɗansa Akile yana ta kai ƙara har fadar Paparoma. Sai a 1876, bayan shekara 36, aka ba shi kabari a maƙabartar Parma. Amma dubi abin da ya faru da kayan aikinsa. Gogensa, wanda Guarneri na Kiremona ya ƙera a 1743, wanda shi Paganini ya laƙaba wa suna "Igwa" saboda ƙarfin amonsa, ya yi wasiyya a ba birnin Jenowa, kuma yana nan a fadar magajin gari cikin akwatin gilashi, ana fito da shi lokaci-lokaci a kaɗa. Gajerun kiɗe-kiɗensa guda 24, waɗanda aka buga a Milan a 1820 da alamomin rubuta sauti, su ne har yau ma'aunin da ake gwada duk mai son a kira shi gwani. Liszt da Brahms da Rachmaninoff kowanne ya gina nasa aiki a kan na ƙarshensu. Tun 1954 ake gasar duniya da sunansa a garin haihuwarsa.

Ga hotuna biyu, mai karatu, kowanne kishiyar ɗan'uwansa. Can an ƙi gawa an rungumi goge. Nan an karɓi gawa da mutunci, an bar goge ga gara. Idan aka tilasta mini in zaɓa, ba zan ɓoye ba, namu zan ɗauka. Al'ummar da ta bar gawar mutum shekara 36 ba kabari saboda jita-jita ta yi babban zalunci, kuma akwatin gilashi ba ya wanke shi. Limamin ƙauyen nan da ya shiga gaba bai tambayi kowa ba ya fi babban limamin Nis fahimtar abin da ake bin ɗan Adam. Sai dai wa ya ce dole a zaɓa? Cewa mun fi wani a rabin al'amari ba ya biya mana sauran rabin.

Mu ma muna da gwanayen da suka kai a kira su da sunan da Turawa ke kiran Paganini. Ibrahim Na Habu shi ne ya fito da kukuma fili a Kano, ya mai da ita kayan da birni ke saurare. Bayansa aka yi Garba Supa, da Audu Yaron Goge, da Ahmadu Doka, da Hassan Wayam, mutumin ƙasar Maradun da ya zauna a Zariya har ya rasu a 2020. Duk wanda ya tashi a Magarya ko Dungas a shekarun 1970 da 1980 ya san waɗannan muryoyi kamar na maƙwabtansa, domin Rediyon Kaduna da Rediyon Kano ba su san iyaka ba, kaset kuma yana shigowa tare da atamfa da man fetur. Direba ya saurare su, tela ya saurare su, mu malaman makaranta mun gyara takardun yara da fitilar ƙwai suna kaɗawa a gefe. To, me ya rage daga gare su? Kaset ɗin da rana ta lanƙwasa, da ƴan faya-fayan da gidajen rediyo suka adana, da abin da masu sha'awa suka kwafa suka zuba a intanet da katin waya, sau da yawa babu shekara, babu sunan masu ƙwarya da kalangu, wani lokaci ma da sunan wani makaɗin dabam. Littattafan da suka yi bayanin wannan kiɗa dalla-dalla baƙi ne suka rubuta mafi yawansu, kuma da Ingilishi: ƙamus ɗin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King a 1971, binciken Fremont Besmer a kan makaɗan bori na Kano a 1983, aikin Veit Erlmann a Maraɗi, da littafin Jacqueline DjeDje a kan goge a Afirka ta Yamma a 2008. Ɗan mai goge ba zai iya karanta ko ɗaya ba.

Dalilin da aka fi kawowa shi ne addini, kuma ba dalili ne da za a yi wa dariya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane almajirin fiƙihu a zaurukanmu ya bi ta kanta, ta hana mutum ya saurari kayan wasa da waƙa da gangan. Wanda ya tsaya a nan ya tsaya a kan hujja. Amma malamai ba su taru a wuri ɗaya ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya raunana hadisan da aka kafa haramcin a kansu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya hana kayan kiɗa masu tsirkiya, sai dai dalilin da ya bayar a Ihya shi ne abin lura: ba daɗin sautin ne aibin ba, da haka ne da an haramta kukan tsuntsu, aibin shi ne waɗannan kaya sun zama tambarin mashaya, suna tuna wa mai ji majalisar giya, suna jan shi zuwa gare ta. Wato a wajen Gazali laifin tsirkiya daga abokan zamanta ne. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ba kuma zan yi shigar burtu in zama ɗaya ba. Abin da na sani shi ne abokan zama suna sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Dagomba ta arewacin Gana, wannan goge dai, da ƙwaryarsa da izgarsa, kayan fada ne. Masu kaɗa shi suna da sarautarsu a gaban Ya Na a Yendi, su ke riƙe da tarihin sarakuna, kuma ɗaya daga cikinsu, Salisu Mahama, ya koyar a Jami'ar Gana. A wajen Buzayen Ayar da Azawak, imzad kayan mata ne masu daraja, maza suna zama a natse su saurara, har UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. A ƙasar Hausa ne rabonsa ya faɗa gidan bori da gidan karuwai.

Amma a bar wannan muhawara ga masu ita. Ko da mun ɗauki fatawa mafi tsanani, akwai abin da ba ta wanke mu daga gare shi ba. Idan kiɗan laifi ne, laifin na mutum biyu ne, mai kaɗawa da mai saurare, kuma Risala da mai saurare ta yi magana. Yaya aka yi mai saurare ya tashi daga wurin da mutuncinsa cikakke, mai kaɗawa kuwa ya tafi da ƙaurin suna har ga jikokinsa? Alhajin da ya yi wa mai kukuma liƙin jika goma a bikin ƙanensa, ya sa aka ambaci sunan kakansa har ya yi ƙwalla, shi ne zai murtuke fuska idan ɗan makaɗin ya aiko neman auren ƴarsa. Tun a shekarun 1950 M. G. Smith ya rubuta cewa a tsarin darajar Hausawa makaɗa da mahauta suna can ƙasa, kuma ban ga abin ya sauya sosai a karkara ba. Mahauci aƙalla ba a ce naman da ya yanka haram ne. Mun shirya al'amarin yadda daɗin zai zo gare mu, zunubin da kunyar su tsaya a gidan wani. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun ci, da aka miƙo aska sai muka tuna da tsarki.

A nan ne labarin Ahmadu Doka yake da nauyi. Ya ajiye kukuma yana da ƙarfinsa, jama'a suna son sa, ya bar ta saboda addini. Ba shi kaɗai ba ne. Kowane gari yana da tsohon makaɗin da ya je Makka ya dawo ya ce ya tuba. Ina girmama wannan mataki. Mutum yana da iko a kan hannunsa da lahirarsa, kuma babu wata ƙungiyar al'adu da ke da hurumin ce masa ya ci gaba da abin da zuciyarsa ta ƙi domin mu mu samu abin nuna wa baƙi. Wanda ya bar sana'ar da ke ciyar da shi saboda abin da ya yi imani da shi ya yi abin da mafi yawanmu ba za mu iya ba. Abin da nake tuhuma shi ne irin farin cikin da mu masu saurare muke yi da tuban makaɗi. Muna yaba masa da baki, mu koma gida mu kunna faifansa. Ya ɗauki tuban, mun riƙe kiɗan, kowa ya ce ya huta.

Sa'an nan ga tambaya mai wuya: idan makaɗin da ya tuba ya ce a daina sa faya-fayansa, a shafe su, na wane ne kiɗan? Ta wata fuska nasa ne, muryarsa ce, yatsunsa ne, kuma shi yake ganin za a tambaye shi. Ta wata fuskar kuwa ba shi ya ƙago taken ba. Ya karɓa daga maigidansa, maigidan ya karɓa daga wani, kuma a cikin waƙoƙin akwai sunayen garuruwa da mutane, da yunwar da aka yi, da farashin da ya tashi, da kalmomin da yanzu ba a ji a bakin yara. Wanda aka ba ajiya yana iya cewa ya gaji da riƙo, amma ƙona ajiyar wani abu ne dabam. Ra'ayina, kuma na san akwai masu ja, shi ne a raba yaɗawa da adanawa. Idan mutum ya roƙi kada a riƙa kaɗa muryarsa a kasuwa da tasha, a ji roƙonsa, domin mutuncin mai rai ya fi nishaɗinmu. Amma a ajiye kwafi a inda mai bincike da mai koyo za su same shi, da sunan kowa da shekarar da aka ɗauka. Malaman da suka ƙi waƙoƙin jahiliyya ta fuskar aƙida su ne suka adana su, suka yi musu sharhi, domin da su ake gane Larabcin Alƙur'ani, kuma har gobe ana karanta su a zaure.

Sai dai ko an adana faifai, an adana rabi ne. Faifai yana riƙe sauti, ba ya riƙe yadda ake karkata izga, ko yadda ake gasa fata a gefen wuta idan sanyin asuba ya sassauta ta, ko yadda makaɗi ke karanta fuskar mai rawa ya san lokacin juya kiɗa. Paganini kansa, da duk rubutunsa, almajiri ɗaya aka fi sani ya bari, Kamilo Sibori, kuma da Turai ba ta da makarantun da ke miƙa hannu ga hannu, da takardun nan 24 sun zama kamar layar da babu mai iya karantawa. Namu gwanayen ba su da takarda, saboda haka duk gadon a hannun yaro yake. Yaron kuwa ya ga yadda ake kallon ubansa. Ya kuma ga cewa tun da finafinan Kano suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyano da kwamfuta sun karɓe gidan biki, mutum ɗaya da na'ura yana yin aikin mutum biyar. Da jihohin arewacin Nijeriya, har da Kano da Jigawa maƙwabtanmu, suka ƙaddamar da shari'a daga 2000, wuraren da goge ke kwana da yawa sun rufe. Ban ga laifin yaron da ya zaɓi kabu-kabu ba.

Akwai wanda ya nuna cewa ana iya yin wani abu, kuma abin alfahari ne a gare mu cewa malamin makaranta ne, ɗan jihar Damagaram. Malam Maman Barka, haifaffen Tesker, ya koyar a aji kafin gurumi ya fitar da sunansa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wajen Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, wato kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Mutumin da ƙasa duka ta san shi ya durƙusa ya zama almajiri. Bayan rasuwar tsohon, shi ya ɗauki biram ya kai shi dandamalin Turai, ya ɗauki faifai da shi, ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, har ya rasu a 2018. Biram ya samu wannan gata ne, a ganina, saboda saura mutum ɗaya, kuma ba shi da ƙaurin suna. Goge bai kai ga mutum ɗaya ba tukuna. Akwai masu kaɗa shi a Maraɗi da Dogon Dutsi da ƙauyukanmu, shi ya sa babu wanda ya firgita. Ga kuma gasar Ɗan Gurmu da ake yi tun ƙarshen shekarun 1980, wadda ta ɗauki sunan makaɗin gargajiya na Tawa amma kiɗan zamani take ba wa kyauta. Ba na ƙyashin masu jita, sai dai sunan tsoho a jikin kofi ba ya koya wa kowa riƙon izga.

Abin da ƙungiya ƙarama za ta iya ba shi da tsada. Wayar da ke aljihun sakatarenta ta isa ta ɗauki hoton hannun makaɗi yana kiɗa, kusa-kusa, take bayan take, yana faɗin sunan kowanne da wanda ya koya masa. Littafin rubutu na dala ɗari ya isa a rubuta salsalar masu goge na gunduma guda. Abin da ke da tsada shi ne malami mai mutunci ya yarda a gan shi zaune a kan tabarmar mai goge da rana tsaka, yana ce masa "Baba, sake maimaita mini", ya kuma biya shi kamar yadda ake biyan duk wanda aka ɗauki karatu a wajensa. Na san nauyin wannan, domin shekara uku na yi a ƙauyen nan, tsohon yana da rai, gidansa bai fi taku ɗari biyu daga makaranta ba. Na sha tsayawa a bayan danga da dare ina saurare. Ban taɓa shiga ba, saboda ina tsoron abin da iyayen yara za su ce game da mushen da ke zuwa gidan mai goge.

Shekara biyu bayan jana'izar, jikan tsohon yana ajina. Wata rana lokacin hutun tara na same shi a bayan aji da gwangwanin tumatir, ya rufe bakinsa da leda, ya soka kara, ya ɗaura zaren buhu, yana goga shi da wani lanƙwasasshen reshe. Amon ba daɗi, amma na gane abin da yake nema, taken da kakansa kan buɗe wasa da shi ne, ya kamo rabinsa. Da ya gan ni sai ya ɓoye gwangwanin a bayansa, ya sunkuyar da kai yana jiran bulala. Na ce ya kaɗa mini. Ya kaɗa har inda ya iya, ya tsaya, ya ce daga nan bai san yadda kakansa ke juyawa ba, ko ni na sani? Na ce masa na sha jin wurin, amma ban san yadda ake yi ba. Ya roƙe ni kada in gaya wa babansa, aka buga ƙararrawa, muka koma aji muka ci gaba da lissafi.